Jini a kan buroshi: a rage goga ne ko a ƙara?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Ina roƙon likitocinmu da sauran masana na zauren nan su warware mana wani abu. Mutum ya goge baki ya tofar, sai ya ga kumfar ta yi ja-ja. Babu ciwo, babu zugi, haƙori bai yi kogo ba. Wasu na cewa a sassauta goga har dasashin ya warke, wasu na cewa a sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, wasu kuma sun ce ƙarancin bitamin ne kawai. Wanne ne daidai? Kuma ina iyakar abin da mutum zai yi da kansa, daga ina ne sai likita?

Dakta Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam. Cikin ukun nan babu wanda zan sa wa hannu, kuma na farkon ya fi ɓarna.

Dasashi mai lafiya ba ya jini don an goge shi. Ruwa ba ya tsami banza. Ka sa farcenka daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi ka kankaro a hankali, za ka ga wani farin abu mai laushi da danƙo. Mutane na ɗauka ragowar abinci ne. A'a, ƙwayoyin cuta ne suka taru suka yi wa kansu gida da wani yauƙi da suke fitarwa, suka manne. Ita ce dauɗar haƙori. Kurkure baki ba ya fitar da ita, sai an goge, kuma sa'o'i kaɗan bayan an goge takan fara taruwa sabuwa. Idan ta kwana biyu a bakin dasashi, jiki yakan ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba: ƙananan hanyoyin jini su buɗe, sojojin jiki su taru a wurin, naman ya kumbura, fatar da ke fuskantar haƙori ta yi siriri har ta ɗan tsattsage. Shi ya sa da buroshi ya taɓa sai jini. Buroshi bai ji wa wurin ciwo ba, ciwon ya tarar.

An gwada wannan a zahiri. A 1965, a Denmak, Harald Löe da abokan aikinsa sun sa wani ƙaramin rukuni masu lafiyayyen dasashi, akasarinsu ɗaliban likitancin haƙori, suka daina goge baki kwata-kwata. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 duk dasashinsu ya kumbura. Da suka koma goga, cikin kamar mako ɗaya ya lafa, ba tare da shan komai ba.

To ka ga wanda ya ga jini ya kauce wa wurin, ya bar wa dauɗar fili ke nan. Ta ƙaru, kumburin ya ƙaru, jinin ya ƙaru, shi kuma ya ƙara tsorata. Inda ke jini nan ne ke neman goga, sai dai goga ta dabara, ba ta ƙarfi ba.

Aminu:
Likita, ana cewa a duba ko dasashi ya yi ja. To wanda dasashinsa baƙi ne ko mai duhu tun haihuwa fa, yaya zai gane?

Yaya Saude:
Ƙanena, tambayarka ta yi kyau, don hotunan da ake nunawa kusan duk na masu farin dasashi ne. Duhun dasashi launin fata ne kawai, ba cuta ba. A irin wannan baki kada ka dogara da launi, ka duba siffa. Lafiyayyen dasashi a ɗame yake, gefensa siriri ne ya kwanta lif a jikin haƙori, ɗan naman da ke tsakanin haƙora biyu kuma yana da tsini. Mai kumburi gefensa yakan yi kauri ya nannaɗe, ya riƙa sheƙi, tsinin nan ya zama dunƙule, in ka danna ka ji taushi. Sai jini, sai warin bakin da ke dawowa jim kaɗan bayan an goge.

Ga gogar da Dakta ke nufi. Buroshi mai laushi, mai ƙaramin kai. Ka karkata shi kamar digiri 45, bakin gashin na kallon dasashi, rabi a kan haƙori rabi a kan nama. Ka ɗan karkaɗa shi a wuri guda, haƙora biyu ko uku a lokaci ɗaya, sannan ka sharo zuwa bakin haƙori ka matsa gaba. Ba a jan sa daga wannan kunci zuwa wancan kamar ana zarto. Ka riƙe shi da yatsu kamar alƙalami, don wanda ya dunƙule hannu a kansa dole ya danna da yawa. In gashin buroshinka ya baje kafin wata uku, ƙarfinka ya yi yawa, kuma irin wannan ƙarfi shi ke ture dasashi baya ya ci wuyan haƙori.

Minti biyu, sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci domin yawu na raguwa a barci. Wuraren da kusan kowa ke tsallakewa: bayan haƙoran gaba na ƙasa ta ɓangaren harshe, inda sai an miƙar da buroshi tsaye, da cikin turamen ƙasa, da bayan turmin ƙarshe. Ka fara da ciki tun hannu bai gaji ba, ka ƙare da waje. Man goge baki ya kasance mai fuloraid, sinadarin da ke ƙarfafa haƙori, na manya tsakanin 1350 zuwa 1500 a ma'aunin ppm da ke rubuce a jikin kwalin. In ka gama ka tofar, kada ka bi da ruwa ka wanke shi.

Akwai kuma wata ƙwaya da ake taunawa ta rina dauɗar da ta rage. Mutum ya goge yadda ya saba, ya tauna, ya duba madubi. Ba ta da kara ko kaɗan.

Dakta Kabiru:
Duk abin da aka faɗa haka yake, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Malam Habibu ya tambayi iyaka, kuma iyakar nan ba a ganin ta a madubi.

Cuta biyu ce a jere. Ta farko kumburi ne a nama kawai, ƙashi da zaruruwan da suka ɗaure saiwar haƙori da ƙashi suna nan lafiya. Wannan tana warkewa sarai. Ta biyu ita ce lokacin da kumburin ya gangara ya fara tsinka zaruruwan, ƙashin ya fara zaizayewa. Ita ana tsayar da ita, amma ƙashin da ya tafi yawanci ba ya dawowa. Abin takaici, a farko kamanninsu ɗaya ne, kuma dukkansu ba sa ciwo.

Yadda ake bambancewa: tsakanin haƙori da dasashi akwai ɗan tsagi da ya zagaye kowane haƙori. Likita yana da tsinken awo, bakinsa ba tsini, an yi masa zane-zanen milimita. Yakan zura shi a hankali, da nauyin da bai wuce giram 25 ba, a wuri shida a jikin kowane haƙori, uku ta waje uku ta ciki. Milimita 1 zuwa 3 babu jini, lafiya. Daga 4 zuwa sama tsagi ya zama rami. Buroshi kuwa bai fi milimita ɗaya ko biyu yake shiga ƙarƙashin dasashi ba, saboda haka ramin milimita 5 ya fi ƙarfin mai shi komai ƙoƙarinsa. A can ƙasa iska ba ta isa, kuma ƙwayoyin da suka fi ɓarna irin wurin suke so.

Akwai ramin ƙarya. Dasashi kan kumbura ya hau kan haƙori, a auna a ga 4, alhali ƙasan bai motsa ba. Shi ya sa ba a tsayawa a zurfi kaɗai, sai a auna daga inda farin ɓawon haƙori ya ƙare saiwa ta fara, a ga ko naman ya saki daga nan. Tsarin da masana suka amince da shi a taron Shikago na 2017 ya ce ana kiran abin kumburin dasashi ne idan kashi 10 cikin 100 na wuraren da aka auna sun yi jini. Mai haƙora 28 yana da wurare 168, wato wajen 17 ke nan. Idan ya haura kashi 30, ya game baki. Ita kuwa cutar ƙashin an kasa ta mataki huɗu: na farko naman ya saki da milimita 1 zuwa 2, na biyu 3 zuwa 4, daga 5 an shiga na uku. Hoton ƙashi yana taimakawa, amma yakan makara wajen nuna farkon zaizaya. Tsinken ya fi shi saurin tona asiri.

Malam Habibu:
Ke nan duk mai kumburin dasashi ƙarshensa zubewar haƙora, Likita?

Dakta Kabiru:
A'a, Malam. Ta biyun ba ta zuwa sai ta bi ta farkon, amma ba kowace ta farko ke wucewa ba. An bibiyi leburorin gonakin shayi a Siri Lanka daga 1970 zuwa 1985, mutanen da ba sa samun kulawar likitan haƙori, kusan dukkansu da dauɗa da kumburi. Kashi 8 cikin 100 cutar ta ci su da sauri, kashi 81 a hankali, kashi 11 kuwa ba ta wuce kumburin nama ba. Dauɗa iri ɗaya, jiki daban-daban. Matsalar ita ce babu wanda ya san rukuninsa tun da wuri. Kuma abin ba kaɗan ba ne: rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mai tsananin tana jikin kusan kashi 19 cikin 100 na manya, sama da mutum biliyan ɗaya.

Abu biyu ne suka fi tura mutum gaba. Na ɗaya taba. Ita har yaudara take yi, domin tana danne jinin. Sai ka ga dasashin mashayi a ɗame, ba ya jini, ana yi wa rogo kallon kitse, tsinke na shiga ya nutse milimita 6. Wanda ya daina sha kuma yakan ga jini ya ƙaru a makonnin farko. Kada ya ce barin taba ya ja masa, dasashin ne ya fara faɗin gaskiya. A tsarin 2017, kara 10 ko fiye a rana na jefa mutum rukunin da cutar ta fi saurin ci.

Na biyu ciwon suga da ba a riƙe shi da kyau ba, musamman in gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watannin baya, ya kai 7 ko ya wuce. Kuma juna suke ci: suga na hura kumburi, kumburi na wahalar da saukar suga. Nazarin da ya tattara gwaje-gwaje da dama ya nuna cewa jinyar dasashi kan sauke HbA1c da kusan 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu. Wanda dasashinsa ke yawan yin ƙurji ba gaira ba dalili, a auna masa suga. Sai gado: in iyaye sun zubar da haƙora da ƙuruciya ba don kogo ba, 'ya'ya su je a auna su da wuri.

Malam Isiyaku:
Ni dai ina ganin an yi wa magani rashin adalci a nan. Ruwan kurkure baki na kulohekzidin yana aiki, babu mai musu. Yana manne wa haƙora da fatar baki ya ci gaba da aiki har kusan awa 12. Mai ƙarfin kashi 0.2, mililita 10 na minti ɗaya, sau biyu a rana. Mai kashi 0.12, mililita 15 na sakan 30. Ba a haɗiyewa, ba a bi da ruwa, kuma a bar aƙalla minti 30 tsakaninsa da man goge baki, don sinadarin kumfa da ke cikin yawancinsu yana kashe masa ƙarfi. Mutumin da dasashinsa ke jini yana tsoron buroshi, me zai hana a ba shi wannan ya samu sauƙi tukuna?

Dakta Hadiza:
Ƙa'idar da ka kawo daidai ce, Malam Isiyaku, ban da ja a kanta. Inda muka rabu shi ne "tukuna" ɗin nan. Kulohekzidin ya ƙware wajen hana sabuwar dauɗa taruwa a kan haƙori mai tsabta. Tsohuwar da ta yi kauri kuwa samanta kawai yake shafa, kuma kurkurawa ba ta kai shi ƙasan rami. Sai jinin sama ya ragu, mutum ya ce ya warke, ƙasa na ci. In an daɗe ana yi, haƙora da harshe su yi ruwan ƙasa, ɗanɗano ya canza, tsakuwar haƙori, wato dauɗar da ta ƙanƙare, ita ma ta ƙaru. Wurinsa shi ne inda goga ba ta yiwuwa: bayan tiyatar baki, ko gyambo mai zafi, ko majinyacin da ba ya iya riƙe buroshi. Mako ɗaya zuwa biyu a ajiye.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta na sha kuwa, a kumburin dasashi na yau da kullum, an bar jaki ne ana dukan taiki. Yauƙin nan da suka lulluɓe kansu da shi yana kare su, abin da ya isa wurin ta jini ba ya tarwatsa su. Za a ga sauƙi na 'yan kwanaki, ya dawo, an kuma koya wa ƙwayoyin jiki jure magani a banza. Ana ba da shi ne a wurare ƙididdigaggu, kuma tare da wankin haƙori a wurin likita, ba a madadinsa ba.

Ruwan ɗumi da gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya, yana sanyaya wuri, babu laifi, amma bai cire dauɗa. Abin da nake roƙo a bari shi ne ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi. Ƙona naman take yi ya yi fari fat ya saɓule.

Malam Isiyaku:
Na karɓa, ranki ya daɗe, sai dai ina nan kan cewa kwana biyar na farko ga mai tsananin jini ba asara ba ne, muddin yana goga. Mu bar shi a nan.

Abin da ba a taɓo ba shi ne magungunan da su kansu ke taɓa dasashi. Iri uku sun shahara da sa shi ya yi girma ya hau kan haƙora: fenitoyin na farfaɗiya, saikulosporin da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda da makamantansu, da wasu na hawan jini, musamman nifedifin da amlodifin. Yakan fara daga naman tsakanin haƙoran gaba, sau da yawa cikin watannin farko na fara sha, kuma ya fi muni a bakin da ke da dauɗa. Kada mutum ya yanke maganinsa da kansa. Ya koma wurin wanda ya rubuta masa, galibi akwai madadi. Haka masu shan warfarin ko asfirin na tsinka jini: jininsu ya fi yawa ya fi daɗewa, amma maganin bai ƙirƙiri kumburin ba, bayyana shi ya yi. Sai masu busar da baki, irin wasu na damuwa, na mura da ƙaiƙayi, da na sa fitsari. Baki ba yawu, dauɗa ta samu sarari. Mai barci baki buɗe ma haka, shi nasa a dasashin gaba na sama yake nunawa.

Hajiya Binta:
A ƙara da masu juna biyu. Sinadaran ciki na sa dasashi ya yi fushi da 'yar dauɗar da a da ba ya kula ta. Yakan fara wajen wata na biyu ko na uku, ya kai ƙarshen ƙarfinsa wajen na takwas, ya lafa bayan haihuwa. Wasu har wani ɗan ƙullutu ja mai saurin jini ke fito musu tsakanin haƙora, yawanci yakan motse da kansa bayan an sauka, amma a nuna shi a tabbatar. Maganar cewa jariri na zuƙe alli daga haƙoran uwa ba ta da tushe, kuma wankin haƙori ba ya cutar da ciki. Tsakiyar ciki, wata na huɗu zuwa na shida, ya fi daɗin zama a kujerar likita. Mai laulayi in ta yi amai ta kurkure da ruwa, ta jira kamar minti 30 kafin ta goge, don tsamin ciki na tausasa ɓawon haƙori. In buroshi na tayar mata da zuciya ta koma na yara.

Aminu:
Yaya Saude, akwai masu rantsuwa cewa wankin haƙori ne ke sa haƙora girgiɗi da giɓi, wai kafin a wanke musu lafiya lau suke. Ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba.

Yaya Saude:
Abin da suka gani gaskiya ne, fassarar ce ba daidai ba. Dauɗar da aka bari takan sha ma'adinan yawu ta ƙanƙare ta zama tsakuwa. Ta fi taruwa a bayan haƙoran gaba na ƙasa da gefen kunci na turamen sama, don nan ne bakin hanyoyin yawu. Ta saman dasashi ruwan ƙwai ce, ta ƙarƙashi baƙa ce ko ruwan ƙasa, kuma ta fi kamawa. Jikinta kaushi gare shi, sabuwar dauɗa na samun wurin maƙalewa. Babu buroshi ko man da ke cire ta, kuma masu sa allura ko reza su daina.

In ta shekara da shekaru takan haɗe haƙora kamar an yi musu siminti, a ƙarƙashinta ƙashi na tafiya. Ranar da aka ɗauke ta sai abin da ta ɓoye ya fito: giɓi, girgiɗi, saiwa a waje. Ga kumburi ya sace, naman ya koma girmansa na gaskiya, sai a ga ƙananan ramuka baƙaƙe tsakanin haƙora. Wanki bai ci ƙashi ba, buɗe labule ya yi. Hasali ma girgiɗin kan ragu bayan makonni in kumburi ya lafa.

Na'urar wankin karkarwa take yi, sau dubbai a sakan ɗaya, tana fesa ruwa, tsakuwar na ɓallewa. Ba yankan haƙori take ba. In akwai ramuka sai a bi saiwa a tsabtace ƙarƙashin dasashi, wani lokaci da allurar kashe zafi, a zama ɗaya ko fiye. Bayan nan a sa ran zugin sanyi na kwanaki ko 'yan makonni. Man goge baki na masu wannan matsala na taimakawa, a shafa kaɗan da yatsa a wurin kafin barci. Sai a dawo bayan mako 6 zuwa 8 ko fiye kaɗan a sake awo. Wannan dawowar ce mutane ke tsallakewa, alhali ita ce ke nuna wane rami ya rufe, wanne ke neman ƙarin aiki. Wanda ƙashinsa ya taɓu, bibiya duk wata uku zuwa shida ta zame masa ta dindindin.

Dakta Kabiru:
A gaya musu kuma cutar tsakanin haƙora take farawa, inda buroshi ba ya shiga. A nan ni ɗan buroshin sakace nake fifitawa a kan zaren sakace, duk inda zai shiga. Gefen saiwar turame ba a miƙe yake ba, yana da ɗan kwari, zare na tsallake kwarin, gashin buroshi na cika shi. Suna da lamba-lamba. Wanda ya dace shi ne mai shiga da 'yar turjiya ba tare da wayar da ke tsakiyarsa ta gogi haƙori ba. Baki ɗaya kan buƙaci girma biyu. A tura a jawo sau biyu ko uku, sau ɗaya a rana, kafin goga.

Yaya Saude:
Ga masu giɓi na yarda, Likita. Amma matashin da haƙoransa ke matse, namansa ya cika tsakani, tura masa buroshi rauni ne. Shi zare. A yanko kamar santimita 45, a naɗe a yatsun tsakiya, a bar ɗan taƙi tsakanin hannaye. A shigar da shi da ɗan ja gaba da baya, kada a buga shi ya faɗa kan nama. In ya shiga a lanƙwasa shi ya rungumi haƙori ɗaya, a gangara har ƙarƙashin dasashi kaɗan, a goga sama da ƙasa, sannan a rungumi maƙwabcinsa. Kowane tsakani fuska biyu gare shi. Masu cewa zare ba ya aiki, yawancinsu shigarwa suke su fitar. Tsinken sakace kuwa abinci yake cirewa, ba dauɗa ba, kuma yawan cusa shi na daƙushe tsinin naman.

Dakta Hadiza:
Kafin a watse, akwai jinin da ba a yi masa jiran mako biyu.

Idan dasashi na zafi sosai, tsinin naman tsakanin haƙora ya cinye kamar an gutsure, da wani toka-toka a kai, ga wari mai tsanani, wani lokaci da zazzaɓi, wannan mai ruɓar da nama ne. Yana bin mashaya taba, masu tsananin gajiya da damuwa, masu tamowa, da masu raunin garkuwar jiki. Shi ne ɗaya daga wuraren da maganin kashe ƙwayoyin cuta na metronidazol ke da aiki tare da wanki. A ƙaramin yaro mai tamowa, musamman ɗan shekara 2 zuwa 6, gaggawa ce ta gaske, don daga nan cutar da ake kira noma, mai cinye naman fuska, ke farawa ta ci kunci cikin kwanaki. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

Idan jini na zuwa da kansa ba goga, a tashi a ga shi a matashin kai, ga haɓo, ga tabon taruwar jini a fata, ga kasala da ɗashewa, a yi gwajin jini a ranar. Sankarar jini da ƙarancin ƙwayoyin daskarar da jini kan fara nunawa a dasashi. Ƙarancin bitamin da Malam Habibu ya ambata, wato na bitamin C, gaskiya yana sa jini, amma sai an yi wata ɗaya zuwa uku kusan babu shi a abinci, kuma ba ya zuwa shi kaɗai: akwai ciwon gaɓoɓi, tabo a ƙafafu, rauni ya ƙi warkewa.

Kumburin fuska da zazzaɓi, ko wahalar haɗiya ko buɗe baki, asibiti kai tsaye. Gyambo ko farin tabo da ya wuce mako biyu bai warke ba, a nuna. Mugunya in an danna dasashi, haƙori ya yi tsawo, ko wushiryar da ba a haifi mutum da ita ba ta ɓullo da girma, waɗannan sun wuce farkon cuta.

Malam Habibu:
Allah ya saka da alheri. Wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, ya gyara goga ya fara sakace, kwana nawa zai ba abin?

Dakta Hadiza:
Amin, Malam. Kwana uku ko huɗu na farko jinin na iya zama kamar ya ƙaru, don an taɓa wuraren da aka daɗe ba a taɓa ba. Ya ci gaba. Zuwa mako ɗaya ya kamata ya ragu a fili, zuwa mako biyu ya kusan ɗaukewa. In bai ɗauke ba, akwai tsakuwa ko rami. In ma ya ɗauke, wanda bai taɓa yin awon tsinke ba ya je a yi masa sau ɗaya, balle mai suga ko mai shan taba. Ya buɗe baki ya ce a auna masa dasashi a faɗa masa lambobin, don wani zaman kogo kawai ake dubawa.

Yaya Saude:
In kuma ko'ina ya daina sai wuri ɗaya tak, a lura da zaren a wurin. In yana tsinkewa ko yana fitowa a tsefe, akwai abin da ke kama shi: gefen ciko da ya yi tudu, ko hular haƙori da ba ta zauna daidai ba, ko tsakuwa, ko kogon da ya ɓuya a tsakani. Wannan ko shekara aka yi ana goga ba zai daina jini ba sai an gyara gefen.